Mai kallon da ya datse sa'a uku da rabi daga The Hobbit: nazarin lamari

Mutumin da matsalarsa

Bai sa sunansa na gaskiya a aikin ba, kuma abin da ya faɗa game da kansa kaɗan ne. Masoyin fina-finan The Lord of the Rings ne, irin waɗanda ke ware rana guda a shekara su kalli kashi ukun a jere. A 2012 ya sa ran The Hobbit, sabon jerin fina-finan da aka fara fitarwa a shekarar, shi ma zai shiga wannan zaman. Da kashi na uku, The Battle of the Five Armies, ya fito a watan Disamba 2014, sai ya ga ba zai yiwu ba. Bai ce fina-finan ba su da kyau ba, ya ma yaba abubuwa da dama a cikinsu. Ƙorafinsa guda uku ne: tsawon ya yi yawa, an cusa ƙananan labarai da ba su ja hankalinsa ba, sannan Bilbo, wanda shi ne mai labarin, yakan ɓace na dogon lokaci a kashi na biyu da na uku.

Dubban masu kallo sun yi irin wannan ƙorafi suka wuce. Shi ya ɗauki fina-finan uku ya tace su da kansa, ya mayar da su fim ɗaya mai sa'a 4 da minti 21, ya sake shi a intanet a watan Janairu 2015.

1937 zuwa 2010: ƙaramin littafi, babban tsammani

J.R.R. Tolkien, malami a jami'ar Oxford, ya fitar da littafin The Hobbit a Ingila ranar 21 ga Satumba 1937. Littafin yara ne mai babi 19, shafi wajen 300. Bilbo ɗan ƙabilar hobit ne, wasu gajerun mutane da Tolkien ya ƙirƙira, mai son zaman gida. Boka Gandalf ya haɗa shi da wadanni 13 ƙarƙashin shugabansu Thorin, don su je su ƙwato dutsen kakanninsu da dukiyar da ke ciki daga hannun Smaug, dodo mai aman wuta. Kusan duk abin da ke cikin littafin ta idon Bilbo ake ganinsa. In Gandalf ya rabu da ayarin, mai karatu ba ya bin sa, sai daga baya a ba shi labarin inda ya je a 'yan layuka.

Darakta Peter Jackson ya riga ya mayar da The Lord of the Rings, wani littafin Tolkien, fim a ƙasarsa Niyu Zilan: juzu'i uku, fim uku, a 2001 da 2002 da 2003. Na ƙarshensu ya ci kyautar Oscar 11, duk waɗanda aka sa shi takara a kansu. Da wannan ma'auni masu kallo suka shiga sinima bayan shekara goma sha ɗaya.

Tun farko ba Jackson ne zai ba da umarni ba. A watan Afrilu 2008 aka ɗauki Guillermo del Toro, darakta ɗan Meziko, ya yi wajen shekara biyu yana tsara fim mai kashi biyu. Kamfanin MGM, wanda ke da rabo a haƙƙin littafin, bashi ya yi masa katutu, aka kasa tsayar da ranar fara ɗauka. A watan Mayu 2010 del Toro ya janye. A watan Oktoba Jackson ya karɓa, a daidai lokacin da ake rikici da ƙungiyar 'yan wasa, rikicin da ya kai majalisar Niyu Zilan ta sauya dokar ƙwadago a ƙarshen watan don kada a kwashe aikin zuwa wata ƙasa. A watan Janairu 2011 kuma aka yi wa Jackson tiyatar gyambon ciki. Shekaru ya yi yana shirya fina-finan farko kafin ya kunna kyamara. A wannan karon watanni ya samu.

2011 zuwa 2013: kashi biyu ya zama uku

An fara ɗauka ranar 21 ga Maris 2011, aka gama ranar 6 ga Yuli 2012, kwana 266 na aiki, duk a kan rubutun fim biyu. Ranar 30 ga Yuli 2012, bayan an riga an naɗe kaya, Jackson ya sanar cewa fim uku za a yi.

Wannan sanarwa ta matsar da kan iyakar kowane kashi. A tsarin farko, fim na ɗaya zai ƙare ne a wajen tserewar wadanni cikin ganguna a kogi. A sabon tsari ya tsaya a babi na 6, na biyu ya ɗauki babi na 7 zuwa 13, na uku ya rage da babi shida na ƙarshe, waɗanda ba su kai rubu'in littafin ba. Fim na tsakiya ya wayi gari ba shi da babban faɗan rufewa, sai aka ƙirƙira masa: wadanni su hura makera a cikin dutsen, su narka zinariya su kwarara wa Smaug. Babu wannan a littafi. Harin da dodon ya kai wa garin kan tabki, wanda shi ne amsar duk abin da fim na biyu ya gina, aka tura shi farkon na uku, masu kallo suka jira shi shekara guda.

Cikon ya fito daga wuri biyu. Na farko, bayanan da Tolkien ya rataya a ƙarshen The Lord of the Rings, inda aka ɗauko labarin binciken Gandalf a kangon Dol Guldur. Masu fim ɗin ba su da haƙƙin sauran littattafan Tolkien, shi ya sa a fim na farko Gandalf yake cewa ya manta sunayen bokaye biyu daga cikin biyar; sunayen suna cikin littafin da ba a sayar musu ba. Na biyu, ƙirƙirar marubutan fim ɗin: Tauriel, jaruma daga al'ummar Elf, wadda babu ita ko a shafi ɗaya na Tolkien, da soyayyarta da wada Kili, ga kuma Legolas, ɗan sarkin Elf, a tsakani. Evangeline Lilly da ta fito a Tauriel ta faɗa a bainar jama'a cewa ta karɓi rawar ne bisa sharaɗin ba za a sa ta a soyayyar mutum uku ba, kuma a ƙarin ɗauka aka shigo da ita. Azog, shugaban miyagun halittun da ake kira Ork, wanda ke farautar Thorin a duk fina-finan, a rubutun Tolkien ya mutu tun kafin labarin ya fara.

Babban yaƙin kuwa ba a ɗauke shi a zangon farko ba. An ɗage shi zuwa ƙarin ɗauka na 2013 saboda ba a gama tsara shi ba. Jackson da kansa ya amsa haka a bayanan bayan fage da suka fito a faifai a 2015, inda ya nuna cewa yakan shiga wurin ɗauka babu zanen fitowa a hannu.

Disamba 2014: abin da masu kallo suka ce

Fim na uku ya fito a Amurka ranar 17 ga Disamba 2014. Tsawonsa minti 144, mafi gajarta a cikin ukun. Na farko minti 169 ne, na biyu 161. Jimilla minti 474, wato sa'a 7 da minti 54.

Ta fuskar kuɗi ba a yi asara ba. Ya tara sama da dala miliyan 950 a duniya, ukun gaba ɗaya sun doshi biliyan 3. Amma a kasuwar Amurka adadin sauka ya riƙa yi: miliyan 303, sai 258, sai 255. A shafin Rotten Tomatoes, mai tattara ra'ayin masu sharhi, kashi 59 cikin 100 ne suka yabe shi, ƙasa da 'yan uwansa biyu, alhali fim na ƙarshe na The Lord of the Rings ya haura 90. Kamfanin CinemaScore ya ba shi A-. Wannan maki yana buƙatar bayani: a daren farko ake raba katin tambayar a ƙofar sinima, kuma masu zuwa a daren farko galibi masoya ne da suka riga suka yanke shawara tun daga gida. A Oscar, takara ɗaya tak ya samu, ta tace sauti, bai kuma ci ba.

Waɗanda suka ji daɗi suna da hujja. Harin Smaug a kan garin katako da dare, wasan Richard Armitage yayin da son zinariya ke cin zuciyar Thorin har ya daina yarda da 'yan uwansa, da bankwanan Bilbo da Thorin a kan ƙanƙara, inda Martin Freeman ya yi wasan da kusan kowa ya yaba. Wasu kuma sun ce bayan fim biyu masu jan ƙafa, wannan ya fi sauri.

Masu ƙorafi sun fi yawan magana, kuma ƙorafinsu ya kasu biyu. Ɓangare ɗaya na cewa an yi yawa. Smaug ya mutu tun kafin sunan fim ɗin ya bayyana a allo, abin da ya rage kuma yaƙi ne wanda Jackson ya ce ya kai minti 45. A littafi yaƙin 'yan shafuka ne a babi na 17. Dutse ya bugi Bilbo ya suma, sai a babi na gaba aka ba shi labarin yadda ta kaya. An yi ta dariyar fitowar da Legolas yake taka duwatsu suna faɗuwa a iska kamar yana hawa bene. An gaji da Alfrid, bafaden da aka sa don ban dariya, wanda yake ta dawowa a tsakiyar yaƙi. Dain, ɗan uwan Thorin, da kwamfuta aka zana shi maimakon a nuna ɗan wasan, Billy Connolly, cikin kwalliya, kuma ido yana ganewa. Wasu sun ƙara da tsarin hoto 48 a daƙiƙa, ninkin 24 da aka saba, wanda ya sa kayan wasa da gashin roba suka fito fili. Sai dai wannan tsohon ƙorafi ne tun 2012, kuma yawancin sinimomi a 24 suka nuna fim ɗin.

Ɗaya ɓangaren na cewa an yi kaɗan. Ba a nuna jana'izar Thorin da 'ya'yan 'yar uwarsa Fili da Kili ba. Ba a faɗi inda Arkenstone ya ƙare ba, dutse mai darajar da aka kusa yin yaƙi a kansa. Ba a nuna wanda ya gaji sarauta ba. Beorn, mutumin da ke rikiɗa ya zama dabba, wanda a littafi shi ya juya akalar yaƙin ya kashe Bolg ɗan Azog, daƙiƙu kaɗan ya samu. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin ƙorafin nan biyu a numfashi ɗaya.

Janairu 2015: abin da ya gwada

Ya ce a hutun ƙarshen mako guda ya yi aikin. Manufarsa biyu: a dawo da Bilbo tsakiyar labari, kuma tafiyar ta yi sauri. Daga minti 474 na sinima ya sauko zuwa 261. Bambancin minti 213 ne, kusan kashi 45 cikin 100.

Ya cire binciken Dol Guldur gaba ɗaya, da shi abokan shawarar Gandalf, Radagast da Saruman da Galadriel, suka tafi. Ya cire Tauriel kwata-kwata, Legolas kuma ya bar shi a gilmawa ɗaya lokacin da aka kama wadanni a daji. Ya cire gabatarwar da tsoho Bilbo yake ba da tarihi, domin a ganinsa gara labarin ya fara a ƙaramin ɗaki ya riƙa faɗaɗa. Azog bai bayyana ba sai bayan ayarin ya tsere daga ramukan Goblin, dangin Ork, don mai kallo ya ɗauka kisan sarkin Goblin ne ya jawo farautar, kamar yadda yake a littafi. Ya cire faɗan da aka rufe fim na farko da shi, inda Bilbo ya zare takobi ya ceci Thorin. Hujjarsa ita ce ya fi ma'ana Bilbo ya ci gaba da neman yardar Thorin har ƙarshen tafiya. Ya rage tseren ganguna, ya cire narka zinariya, ya taƙaita babban yaƙin. A garin kan tabki ya cire ɗaurin Bard, maharbin da ya kashe Smaug, da harin Ork, amma ya bar sauran, don ya ga suna sa mai kallo ya damu da talakawan garin kafin wuta ta sauko musu.

Matsalar farko ta kayan aiki ce. Kashi na uku bai fito a faifai ba sai watan Maris 2015. Abin da ke yawo a watan Janairu kwafin DVD ne irin wanda ake aika wa alƙalan gasa, hotonsa bai kai na Blu-ray ba. Kuma raba irin wannan aiki ba da izinin masu fim ba ne. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka gindaya wa kansu ita ce kada a sayar, kuma mai kallo ya mallaki faifan asali.

Yadda ake irin wannan aiki, da inda yake ɓaci

Mai tacewa a gida ba shi da ɗanyen hoton da aka ɗauka. Fim da aka gama haɗawa ne a gabansa, da kiɗa da magana da ƙarar takubba duk a dunƙule. Yanka hoto ba shi da wuya. Sauti ne ke tona asiri.

Matakin farko shi ne daidaita gudu. Blu-ray yana tafiya a kan hoto 23.976 a daƙiƙa, DVD na Turai kuma 25. Bambancin kusan kashi 4 cikin 100 ne: fim mai minti 144 zai ƙare a 138, muryoyi su ɗan siranta. In aka haɗa kwafi biyu ba a daidaita su ba, muryar mutum ɗaya za ta sauya a tsakiyar fim. Babu faifan da aka fitar a kan tsarin 48, don haka zancensa ba ya shigowa.

Na biyu shi ne raba sautin zuwa layukansa shida: hagu, dama, tsakiya, biyu na baya, da na ƙarar ƙasa. Yawancin magana a layin tsakiya take, kiɗa kuma ya fi ƙarfi a hagu da dama da baya. In an yanke fitowa a tsakiya, kiɗan fim ɗin, wanda Howard Shore ya tsara, yana katsewa a tsakiyar jimla, kunne kuma yana kama wannan kafin ido ya kama komai. Maganin shi ne a bar layin tsakiya, a sauke sauran, a ɗauko kiɗan daga faifan waƙoƙin fim ɗin a shimfiɗa shi ya haye wurin yankan, sannan a mayar da ƙarar iska da sawu da aka rasa. Inda ake samun cikas shi ne kiɗan yakan ɗan zubo cikin layin tsakiya, sai a ji tsohon a ƙarƙashin sabon. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a sa sautin fitowa ta gaba ya shigo daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin hotonta, ya rufe ɗinkin.

Na uku launi da haske. In an cire minti ashirin tsakanin fitowa biyu, ana iya tsalle daga hantsi zuwa magariba ba tare da dalili ba, ko daga launin fim na farko mai haske zuwa na uku mai toka-toka.

Na huɗu shi ne abin da 'yan fim ke kira kwantiniti, wato abin da aka gani a baya ya dace da na gaba. Nan ne aikin ya rabu gida biyu.

Cire Dol Guldur ya tafi salin alin. Dalili a fili yake: babu Bilbo a waɗannan fitowa, babu kowa daga ayarin, an ɗauke su daban da 'yan wasa daban. Gandalf ya yi sallama a bakin daji, ya dawo gab da yaƙi, daidai da littafi. Haka gabatarwar tsoho Bilbo, haka yawancin fitowar Alfrid, haka cinikin kifin Bard. Duk abin da aka liƙa daga waje ya ɓantare ba tare da tabo ba.

Tauriel daban ce. A fim na biyu kibiya mai guba ta sami Kili a ƙofar kogi, dalilin da ya sa shi da Fili da Oin da Bofur suka tsaya a garin kan tabki, wadanni tara ne kawai suka hau dutsen tare da Bilbo. Tauriel ce ta warkar da shi. In an cire ta, ko dai a bar raunin ba mai magani, ko a cire raunin a bar mai kallo yana ƙirga kawuna a bakin ƙofar dutse yana samun tara.

Zinariyar ma haka. Hoton fitar Smaug daga dutsen ɗaya ne, kuma a cikinsa yana shafe da narkakkiyar zinariya, ya tashi sama ya karkaɗe ta. Wanda ya cire makera dole ya zaɓa: ya bar dodo mai ruwan zinariya ba bayani, ko ya yanke fitar ya rasa ɗaya daga cikin hotuna mafi kyau a fim ɗin, ko ya zauna ya sauya launin hoto bayan hoto, aikin da ba na kwana biyu ba ne.

Cire faɗan ƙarshen fim na farko shi ma da kuɗinsa. A wurin ne mikiyoyi suka fara ceton ayarin. Ba tare da shi ba, zuwansu a ƙarshen yaƙi ya zama baƙon abu ga wanda bai karanta littafin ba.

Mafi wuya shi ne mace-macen ƙarshe. A gaban Tauriel Bolg ya kashe Kili, kuma an ɗauki fitowar ana musayar hoto tsakanin fuskarsa da tata. In an cire ta, abin da ya rage daƙiƙu ne da ba su isa mai kallo ya ji mutuwar ba. Legolas ne ya kashe Bolg. In Legolas gilmawa kawai ya yi a daji, Bolg ya rasa ƙarshe. Jana'iza kuwa ba a maganarta, domin a watan Janairu babu ita a kowane kwafi.

Duk da haka aikin ya bazu. Jaridu da mujallun fim a Amurka da Ingila sun rubuta a kansa cikin 'yan kwanaki. Masu yabo sun ce yanzu sun ga fim ɗin Bilbo. Masu suka sun nuna wuraren da kiɗa ke tsalle da ramukan da aka bari a yaƙin.

Oktoba zuwa Nuwamba 2015: abin da kamfani ya gwada

Kamfanin da ya fitar da fina-finan ya bi akasin hanya. Ya fitar da dogon kwafi na kashi na uku mai minti 164, ƙarin minti 20, kamar yadda aka yi wa na farko da ya koma 182 da na biyu da ya koma 186. Jimilla ta zama minti 532. Wannan tsari ne da aka saba tun fina-finan farko, ba martani ne ga mai tacewar ba, amma ya taɓa ƙorafe-ƙorafen kai tsaye.

An nuna jana'izar mutum ukun, Arkenstone a ƙirjin Thorin, Dain da kambin sarauta. An ƙara wata gajeriyar hira tsakanin Bilbo da Bofur a kan ganuwa da dare, kafin Bilbo ya sulale da Arkenstone zuwa sansanin abokan gaba. An ƙara wa Beorn 'yan daƙiƙu. Sai dai mafi yawan mintunan yaƙi ne: arangama tsakanin wadanni da Elf, tseren keken yaƙi a kan daskararren kogi, da mutuwar Alfrid a bakin wani ƙaton dodo. Zubar da jinin ta sa hukumar tantance fina-finai ta Amurka ta ba shi alamar R, wadda ke hana 'yan ƙasa da shekara 17 kallo sai da babba, abin da bai taɓa faruwa da sauran fina-finan biyar ba. Littafin yara ne asalinsa.

Masu cewa an yi kaɗan sun sami yawancin abin da suka nema. Masu cewa an yi yawa an ƙara musu.

Bayan 2015: waɗanda suka biyo baya

Da dogon kwafin ya fito a Blu-ray, wasu masu tacewa suka sake aikin daga tushe, yawancinsu suna tsayawa a wajen sa'a huɗu. Sun sami abu biyu da na Janairu bai samu ba: hoto mai kyau iri ɗaya a kashi ukun, da jana'izar. Sun kuma ɗauki watanni maimakon kwanaki. Akwai waɗanda suka goge zinariyar daga jikin Smaug ta hanyar sauya launi, suka sake shimfiɗa kiɗa a wuraren yanka, suka sa hutun rabin lokaci a tsakiya. Yawancin manyan yanke-yanken da suka yi su ne dai na mutumin Janairu: Dol Guldur, soyayyar, makera.

Hukunci

Ganewar asalin ciwon da mutumin ya yi daidai ce. An tsinka kunun da ruwa, kuma ya nuna a aikace cewa ana iya zubar da kusan rabin fim ɗin labarin bai karye ba. Wannan shaida ce mai ƙarfi a kan shawarar 30 ga Yuli 2012, ta fi kowane sharhi ƙarfi, domin kowa na iya kallo ya auna da kansa. Ta kuma wanke 'yan wasan: wasan Freeman da Armitage yana nan tun farko, tazarar da ke tsakanin fitowarsu ce ta dusashe shi.

Inda ya yi gaggawa shi ne lokaci. Da ya jira wata goma, da ya sami hoto mai kyau da ƙarshen da labarin yake buƙata. Ya kuma ɗauka cewa tsawo ne kaɗai ciwon. A kashi na farko da na biyu haka ne, shi ya sa almakashinsa ya fi ci a can. Kashi na uku ciwonsa biyu ne: an ba shi farkon da na wani fim ne, an kuma hana shi ƙarshensa. Yanka yana maganin na farko, domin da zarar an haɗe fina-finan, mutuwar Smaug ta koma inda ya kamata, nan da nan bayan tashinsa. Na biyu sai da ƙari, kuma ƙarin a hannun kamfani yake.

Makin A- da na kashi 59 ba su saɓa wa juna ba. Wanda ya shiga don ya yi bankwana da duniyar da ya sani tun 2001 ya sami abin da ya biya. Wanda ya shiga don ya ga ƙarshen tafiyar Bilbo ya same shi a gefe yana kallon yaƙin wasu.

Akwai abu ɗaya da ba mai tacewar da zai iya gyarawa. A littafi Fili da Kili sun faɗi ne tare, suna kare Thorin, ɗan uwan mahaifiyarsu, da garkuwa da jikinsu. A fim an raba su: Azog ya kashe Fili a kan hasumiya, Bolg ya kashe Kili a wani wuri saboda Tauriel. Fitowar da 'yan uwan biyu suke tsaye a gaban kawunsu ba ta cikin gajeren kwafi, ba ta cikin dogon.